Yawon buɗe ido na kiyaye damisar ƙanƙara

Yawon buɗe ido na kiyaye damisar ƙanƙara tsari ne da ake kai baƙi ƙauyukan tsaunukan tsakiya da kudancin Asiya don su ga wannan dabba a muhallinta, kuɗin da suka biya kuma ya shiga hannun makiyayan da damisar ke cinye wa dabbobi. An gina shi ne a kan lissafi guda: in damisa mai rai ta fi kawo wa ƙauye kuɗi fiye da ɓarnar da take yi, makiyayi ba zai ɗana mata tarko ba. Tsarin ya fi ƙarfi a yankin Ladak na arewacin Indiya, akwai shi kuma a kwarin Sifiti, shi ma a arewacin Indiya, da Nefal, da arewacin Pakistan, da Mongoliya, da Kirgistan.

Dabbar

Damisar ƙanƙara, wadda masana ke kira Panthera uncia, tana rayuwa a ƙasashe 12, galibi a tsaunuka masu tsayin mita 3,000 zuwa 4,500. Fatarta toka-toka ce mai ɗigo baƙi, jelarta mai kauri ta kusa mita ɗaya, kuma ba ta iya ruri irin na zaki. Abincinta ragon dawa da ake kira baral da akuyar dutse. Inda waɗannan suka yi ƙaranci sai ta koma kan tumaki da awaki da 'yan maruƙan yak, wato shanun tsauni masu dogon gashi. Mutanen Ladak suna kiranta shan. Ƙiyasin da aka fi ambata na yawanta a duniya shi ne 4,000 zuwa 6,500. Ƙidayar da Indiya ta fitar a 2024 ta ba da 718 a ƙasar, 477 daga ciki a Ladak.

Tarihi

Har zuwa shekarun 1970 baƙi kaɗan ne suka taɓa ganinta a daji. Hotunan da masanin dabbobi ɗan Amurka George Schaller ya ɗauka a Chitral ta Pakistan wajen 1970 suna cikin na farko da duniya ta gani. A farkon shekarun 1980 wani masanin dabbobi, Rodney Jackson, ya fara ɗaura wa damisoshin na'urar bin sawu a wuya a kwarin Langu na yammacin Nefal, daga nan aka soma sanin yadda suke yawo da inda suke barin alama. A lokacin ba wanda ya ɗauka za a iya gina kasuwanci a kan dabbar da ake wata da watanni ba a gani ba.

Indiya ta kafa gandun daji na Hemis a Ladak a 1981, aka faɗaɗa shi har ya kai kimanin murabba'in kilomita 4,400 a 1990. Ba a tashi ƙauyukan da ke cikinsa ba, don haka mutane da damisa suka ci gaba da zama wuri ɗaya, sai dai yanzu doka ta hana kashe ta. Wani bincike da aka yi a gandun wajen ƙarshen shekarun 1990 ya nuna gidaje sun rasa kusan kashi 12 cikin ɗari na dabbobinsu ga damisa da kyarkeci cikin wata goma sha huɗu. Ɓarna mafi ciwo ita ce ta dare. Makwancin dabbobi a can katangar dutse ce gajera marar rufi, damisa kan dira ciki, dabbobi su rasa hanyar gudu, ta kashe da dama a dare ɗaya. Mai garke da ya wayi gari da irin wannan asara ba ya jiran jami'in gandu.

Jackson ya kafa ƙungiyar Snow Leopard Conservancy a 2000, shi da Rinchen Wangchuk, ɗan asalin Ladak, suka kafa reshenta na Indiya. Aikinsu na farko gyaran makwancin ne: a ɗaga katanga, a rufe sama da ragar waya, a sa ƙofa mai ƙarfi. Maganar saukar baƙi ta biyo baya. An ruwaito cewa matan ƙauyen Rumbak da ke cikin gandun Hemis ne suka kawo shawarar a wani zama wajen 2001, ganin masu hawan tsauni suna wucewa ta ƙofarsu da tantunansu da abincinsu, ba su bar wa ƙauyen komai ba sai shara da ciyawar da dawakan kayansu suka cinye. Shirin Himalayan Homestays ya fara aiki wajen 2002 da tallafin UNESCO. Wangchuk ya rasu a 2011, shirin kuwa ya riga ya bazu zuwa yankunan Sham da Zanskar na Ladak.

A Baltistan ta Pakistan an bi wata hanya. Wani masani ɗan Pakistan, Shafqat Hussain, ya fara inshorar dabbobi a ƙauyen Skoyo wajen 1998 ko 1999. Asusu biyu ne, ɗaya makiyaya ke zubawa gwargwadon dabbobinsu, ɗaya kuma daga ribar yawon buɗe ido. Raguwar baƙi a Pakistan bayan 2001 ta nuna raunin dogaro da asusun na biyu. A ƙauyen Kibber na Sifiti, masanin dabbobi ɗan Indiya Charudutt Mishra da ƙungiyar Nature Conservation Foundation sun shawo kan jama'a su keɓe wani fili ba kiwo a 1998 don baral su yawaita, aka ƙara da inshora a 2002. Masu zuwa kallo sun zo ne daga baya, bayan damisa ta dawo kusa da ƙauyen.

Yadda ake gudanarwa

Gidan da ya shiga shirin yakan ware ɗaki ɗaya, baƙo ya ci abincin gidan, ya sha shayinsu a gindin murhu. Ana karɓar baƙi bi da bi, gida bayan gida, don kada mai babban gida ko na bakin hanya ya kwashe su duka. Kuɗin masauki yawanci hannun uwargida yake shiga. Kusan kashi goma cikin ɗari ana zuba shi a asusun ƙauye na dasa itatuwa, kwashe shara da gyaran makwancin dabbobi. A lokacin zafi, sa'ad da masu hawan tsauni ke zuwa, mata kan buɗe rumfunan shayi da tsofaffin lemar saukar sojoji.

Lokacin ganin damisa hunturu ne, musamman Fabrairu da Maris, sa'ad da take barbara kuma ta sauko ƙasa bin baral. Baƙo yakan kwana biyu ko uku a Leh, babban garin Ladak mai tsayin kimanin mita 3,500, don jiki ya saba da ƙarancin iska kafin ya wuce ƙauyen Rumbak ko na Ulley. Sanyin dare kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Masu hange, yawancinsu 'ya'yan makiyaya, suna fita da asuba da madubin hangen nesa suna bin duwatsu da ido, in sun gano ta su kira ta rediyon hannu. Sau da yawa tana nesa da ɗaruruwan mita, wasu baƙin kuma sukan yi mako su koma ba su gan ta ba.

Sauran ƙasashe

A Mongoliya ana kai baƙi tsaunukan Altai. A kudancin Gobi kuwa an fi dogara da sayar da kayan ulu da matan makiyaya ke yi bisa alkawarin ba za a kashe damisa ba. An mai da tsaunukan Tost wurin kariya a 2016 bayan gwagwarmayar da mai fafutukar kiyaye dabbobi Bayarjargal Agvaantseren ta yi da lasisin haƙar ma'adinai.

Ƙasashe 12 da damisar ke rayuwa a cikinsu sun amince da Sanarwar Bishkek, yarjejeniyar kiyaye ta da aka yi a babban birnin Kirgistan, ranar 23 ga Oktoba 2013, ranar da ta zama ta tunawa da dabbar duk shekara.

Taƙaddama

Ana kukan cunkoson masu kyamara a kan damisa mai cin abin da ta kama, da karnukan da shara ke tarawa, da yadda kamfanonin birni ke ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin tafiya. Ƙauyukan da ba su kan hanyar baƙi suna asarar dabbobi ba ribar komai. A arewacin Pakistan ana ba al'umma kashi 80 cikin ɗari na kuɗin lasisin farautar markor, akuyar daji mai murɗaɗɗen ƙaho, wasu na lissafa wannan cikin kiyayewa, wasu na ƙi. A 2017 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayin damisar daga mai fuskantar ƙarewa zuwa mai rauni, ƙungiyar Snow Leopard Trust ta ce alƙaluman da aka dogara da su ba su isa ba.