Shin Bangon Cikin Gida Ba Ya Ɗaukar Nauyi?

An daɗe ana cewa a ƙauyukanmu na Jigawa bangon waje ne kawai ke riƙe da rufi, na ciki kuwa ana iya rushe shi don faɗaɗa ɗaki. Ba kullum haka yake ba. A ginin ƙasa mai soro, kawunan azara suna kwance ne a kan bango, kuma sau da yawa bangon tsakiya na ɗauke da azarar ɗakuna biyu tare da ƙasar da ke samanta. A ginin siminti mai ginshiƙai kuwa, nauyin rufin kankare yana sauka ta ginshiƙan zuwa harsashi.

Kafin a taɓa bango, a ɗaga kai a duba inda azara ta dosa, sannan a kira magini. Don Allah a isar wa 'yan uwa wannan bayani.