Tarihin NEPA da ma'aikatanta: a hannun wa yake yanzu?

Wane tarihi kuma, ba NEPA ta daɗe da mutuwa ba?

A takarda ta mutu. A bakin mutane kuwa tana nan, don har gobe idan fitila ta kama sai ka ji yaran unguwa sun ɗauki ihun NEPA. Kuma labarin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. An fara samar da lantarki a Legas a 1896. A Arewa, kamfanin NESCO ya soma aiki a 1929 da ruwan Kurra kusa da Jos, saboda masu haƙar kuza, sannan En'e ta Kano da ta Katsina sun riƙe injinan wutarsu da kansu. A 1951 hukumar lantarki ta ƙasa, wato ECN, ta karɓi ragama. An kafa hukumar madatsun ruwa ta NDA a 1962, ita ta gina Kainji da aka gama a 1968, aka haɗe hukumomin biyu a 1972 suka zama NEPA. Dokar garambawul ta 2005 ta haifi kamfanin PHCN a madadin NEPA, ranar 1 ga Nuwamba 2013 kuma aka miƙa yawancin kamfanonin da aka fitar daga cikinsa ga 'yan kasuwa.

To ina takardun duk waɗannan shekaru suke?

A warwatse. An tsaga PHCN gida 18: kamfanonin samar da wuta 6, na rarrabawa 11, da TCN mai manyan layuka. KEDCO ta ɗauki Kano da Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna ya ɗauki Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, haka na Jos da na Yola da na Abuja kowa da yankinsa. Basussuka da kadarorin da ba na aikin wuta kai tsaye ba suka koma hannun NELMCO, kamfanin da gwamnati ta kafa don kula da su. Wanda ya zuba kuɗi ya sayi kamfani, idonsa na kan waya da taransifoma da masu biyan bil, ba kan fayil ɗin 1965 ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Matsalar ita ce tarihin na kowa ne, shi ya sa ya zama ba na kowa ba. Takardun zamanin Turawa sun fi sa'a, domin da yawa na lardunan Arewa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Na bayan 'yancin kai su ne abin tsoro, waɗanda ke jibge a sito, gara da ɗigar damina na rabon su.

Me ya cancanci a adana?

Taswirorin layuka, fayilolin ma'aikata, hotuna, tsofaffin bil da rasit. Sai kayan aiki: mita mai faifan nan da ke juyawa, kwalaben tangaran na kan falwaya, bel ɗin hawa, tsani. Amma da za a ce in zaɓi abu ɗaya, littafin ɗakin kula da wuta zan ɗauka. A cikinsa mai aikin dare ke rubuta ƙarfe nawa layi ya faɗi, me ya jawo, wa aka tura, ƙarfe nawa aka dawo da shi. Wanda ya rubuta bai yi don a yaba masa ba, don haka babu kwalliya a ciki. Mai bincike da ya samu irin waɗannan littattafai na shekara ashirin a jere zai iya gane lokacin da masaƙun Kakuri ko masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara rasa wuta, ba tare da ya jira jawabin wani minista ba.

Me ya sa ake nanata maganar ma'aikata, ba a tsaya ga takardu ba?

Domin rabin abin da aka sani ba a taɓa rubuta shi ba. Tsohon ma'aikacin layi ya san inda wayar ƙarƙashin ƙasa ta ratsa, ya san wane reshe aka karkatar lokacin da aka faɗaɗa titi ba a gyara taswira ba, ya san taransifomar da ba ta jure zafin watan Afrilu. Sama da ma'aikata dubu 40 aka sallama da kuɗin sallama lokacin cefanarwa. Wasu an sake ɗaukar su da sababbin sharuɗɗa, wasu suka koma gida da abin da ke kansu. Lissafin shekaru kuma ba ya jira: wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 a ƙarshen zamanin ECN, yau ya haura 70.

Akwai kuma waɗanda fayil bai san da su ba. Leburorin da suka haƙa ramin falwaya a kan kuɗin yini, da 'yan wucin gadi da suka shekara da shekaru suna hawa ba takardar ɗauka, da waɗanda wuta ta ja suka rasu a bakin aiki, Allah ya jiƙansu. Sunayen irin waɗannan abokan aikinsu ne kaɗai ke tunawa.

Wannan ba wanke 'yan NEPA ba ne? Mutane fa sun sha wuya a hannunsu.

Sun sha. Bil na ƙiyasi, yanke wuta a nannaɗe wayar a tafi da ita, unguwa ta yi karo-karo ta sayi taransifoma sannan a ce ta zama ta hukuma. Duk wannan yana cikin tarihin, kuma ma'ajiyar da ta cire shi ta zama talla. A ji daga mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara kamar yadda za a ji daga injiniya. Haka mutanen tsohuwar Bussa da ƙauyukan ƙasar Yawuri: sama da mutum dubu 40 aka tasa don tafkin Kainji, labarinsu na wutar nan daban yake da na mazaunin birni.

Ban da sha'awar masana, yana da wani amfani?

Tambayi ɗan fansho da aka ce ya kawo takardar kama aiki ta 1978 wajen tantancewa, ko magadan da ke neman haƙƙin mahaifinsu. Rikicin fili a ƙarƙashin babban layi ma sau da yawa takardar biyan diyya ce ke raba shi.

Wa ya kamata ya fara, kuma ta ina?

Ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta NUEE ita ta fi kowa sanin inda tsofaffin suke. Cibiyar horas da ma'aikatan lantarki ta NAPTIN za ta iya ware ɗaki don tsofaffin kayan aiki, masu koyo su gani da idonsu. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero da na ABU da Arewa House suna da ɗaliban da ke neman abin rubutawa, ga shi a ƙofar gida. Har Nijar abin ya shafa, tunda layin Birnin Kebbi zuwa Yamai ya daɗe yana kai wuta tun shekarun 1970, tsofaffin ma'aikatan NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, na da nasu ɓangaren.

Farawa ba ya buƙatar kwangila. Wayar hannu ta isa ɗaukar hira, a nemi izinin dattijo tukuna, a bar shi ya yi magana da harshen da ya fi sakewa. Kada a tambaye shi tarihin NEPA gaba ɗaya, a tambaye shi ranar da ya fara hawa falwaya da wanda ya koya masa. Hoton da ya fito da shi a ɗauki kwafi a mayar masa, a rubuta sunaye da wuri da shekara da fensir a baya. Fayilolin da ke ɗauke da albashi ko rashin lafiyar mutum a ajiye su, amma ba a watsa su a intanet ba. Kowace hira kuma a ajiye kwafinta a wuri biyu aƙalla, ɗaya a jami'a, ɗaya a hannun iyalan mai maganar.