Tambayoyi huɗu kan abubuwan da muke gani kullum a waya da intanet

Me ya sa saƙon tes yake tsayawa a haruffa 160?

Wannan iyaka ta samo asali ne a shekarun 1980, lokacin da ake tsara layukan salula na GSM a Turai. Wani injiniya ɗan Jamus, Friedhelm Hillebrand, ya yi ta buga jimloli a tafireta yana ƙirga haruffansu, sai ya ga yawancinsu ba su kai 160 ba. Ita kuma hanyar da saƙon zai bi ƙunci ne da ita, domin ƙwayoyin bayani (bits) 1,120 kawai take ɗauka, kuma kowane harafi yana cin 7, wanda idan aka raba sai a sami 160 daidai. Sai dai haruffan da ba sa cikin jerin GSM, kamar na Larabci ko ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu 16 yake ci, kuma da zarar guda ɗaya ya shiga saƙo, iyakar saƙon gaba ɗaya takan koma haruffa 70. Shi ya sa mutum zai rubuta gajeren saƙo amma ya ga wayar ta raba shi gida biyu. Daga iyakar 160 ɗin ne ma Twitter ta ɗauko iyakarta ta haruffa 140, kafin ta ninka ta zuwa 280 a 2017.

Wane ne ya sa alamar @ a adireshin imel?

Ray Tomlinson ne, a Amurka, a 1971. Yana neman abin da zai raba sunan mai saƙo da sunan kwamfutarsa, kuma ya zama alamar da ba ta fitowa a sunan kowa.

Wane saƙo aka fara aikawa a ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta haifi intanet?

Ranar 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi, Charley Kline, ya yi ƙoƙarin aika kalmar LOGIN daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Ya buga L, ya buga O, sai na'urar can ɓangaren ta tsaya, don haka haruffa biyu ne kawai suka isa kafin a gyara ta.

Ina amfanin karkatattun kalmomin nan da ake sa mu rubuta don tabbatar da cewa mu mutane ne?

Amfaninsu na farko shi ne hana manhajoji buɗe asusun bogi. Amma a 2007 Luis von Ahn na Jami'ar Carnegie Mellon ya ƙara musu wani aiki da tsarin reCAPTCHA, inda ake nuna wa mutum kalmomi biyu. Ɗaya an san amsarta, da ita ake gwada shi. Ɗayar kuwa an yanko ta ne daga tsohon littafi ko jarida da kwamfuta ta kasa karantawa, kuma idan mutane da yawa suka rubuta abu guda sai a ɗauke shi a matsayin daidai. Da haka aka mayar da tsofaffin shafukan jaridar New York Times zuwa rubutun kwamfuta. Google ta sayi tsarin a 2009, daga baya kuma lambobin gidaje da hotunan tituna suka maye gurbin kalmomin. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma a ganina ya kamata a ce an fito fili an gaya wa miliyoyin mutanen da suka yi wannan aiki kyauta abin da hannunsu ke yi.