Farin Murjani Ba Lallai Mutuwa Ba Ce

An daɗe ana faɗa, har a tsakaninmu masu ajiye murjani a tankin gilashi a nan Jidda, cewa da zarar ya yi fari ya mutu, sai a jefar. Ba mamaki a yi zaton haka, don farin yana tayar da hankali.

Murjani dai dabba ce. A cikin tsokarsa akwai ƙwayoyin gansakuka, su ke ba shi launi da yawancin abincinsa. Idan ruwa ya yi zafi ko hasken fitila ya yi yawa, sai ya kore su, farin ƙashinsa ya fito, alhali da ransa.

Ku duba da kanku. Da daddare ku haska tocila kusa da gilashin: in siririyar tsoka na lulluɓe da ƙashin, 'yan hannayensa na motsi, bai mutu ba. Matacce ƙashi ne tsirara, cikin 'yan kwanaki gansakuka za ta rufe shi. Ku auna zafin ruwan, ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26, musamman da bazara in an kashe na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan da ya ƙafe kuma a cike gurbinsa da tataccen ruwa marar gishiri.

Don Allah ku tura wa 'yan'uwa masu tanki wannan bayani.