Dokar hana leda a Kamaru: abin da ta haramta da gyaran da masu kare muhalli ke nema

Mutane da yawa a kasuwannin Garwa da Marwa sun ɗauka cewa gwamnati ta haramta leda gaba ɗaya, alhali dokar ba ta faɗi haka ba. Umarnin da ma'aikatar muhalli da ta kasuwanci suka sa wa hannu tare ranar 24 ga Oktoba, 2012, wanda ya fara aiki a watan Afrilun 2014 bayan wa'adin wata 18, ya hana yi da shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato ledar nan mai shara-shara da ake ƙulla ƙosai da gishiri a cikinta ake nufi. Wadda ta fi haka kauri an yarda da ita, muddin an buga kaurinta da sunan mai yinta a jikinta, kuma kamfanin ya samu izinin ma'aikatar muhalli.

Dalilin bambancin shi ne, leda mai kauri ana iya amfani da ita sau da yawa, a tattara ta a sake sarrafawa. Siririyar kuwa da zarar an yar, iska ta kwashe ta zuwa kan ƙaya da gonaki da magudanar ruwa, ta toshe hanyar ruwa da damina. A ƙasar makiyaya irin tamu ɓarnar ta fi tsanani, domin shanu da awaki suna haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Mahauta sun fi kowa sanin wannan.

Masu rajin kare muhalli sun yarda cewa dokar ba ta cim ma burinta ba, amma sun saɓa a kan gyara. Wasu suna son a haramta duk ledar da ake amfani da ita sau ɗaya, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2008 da Kenya a 2017, tunda jami'i ba zai iya auna kauri da ido a kasuwa ba. Wasu kuma suna cewa hani ba tare da madadi mai araha ba ƙarfafa fasa-ƙwauri kawai yake yi, musamman a kan doguwar iyakarmu da Najeriya.

A ganina masu magana ta biyu sun fi kusa da gaskiya. Mai ƙosan da jarinta bai taka kara ya karya ba, ba ita ke yin leda ba, kuma ƙwace kayanta ba zai rage ko ɗauri ɗaya daga abin da ke ƙetaro iyaka ba. Duk gyaran da za a yi ya kamata ya ɗora nauyin tattara shara a kan masu kamfani da manyan dillalai, ya kuma sauƙaƙa haraji ga masu yin jakar takarda da kwando da jakar yadi.