Mukayyif mai zafi da sanyi: me dokar Saudiyya ta tanada kafin ka saya ka kafa?

Wanda duk zamansa a Saudiyya bai wuce Makka da Jidda ba, in ka ce masa akwai inda ruwa ke daskarewa a bututu a ƙasar nan, sai ya ɗauka zolayarsa kake. To akwai. Garin Turaif da ke kusa da iyakar Jodan ya taɓa kai digiri 12 ƙasa da sifili, Dutsen Lauz na yankin Tabuk kuwa ƙanƙara kan lulluɓe shi fari fat. Da marba'aniyya ta kama a farkon Disamba, kwana arba'in ɗin nan da Larabawa ke lissafawa na tsananin sanyi, mutanenmu da aiki ya kai Tabuk da Ha'il da Jauf da Arar sai su shiga neman abin ɗumama ɗaki.

Haka ta faru da wani kawuna. Shekararsa talatin da wani abu a Makka, aka mayar da ɗansa aiki Ha'il, ya bi shi. Sanyin farko ya buge shi, ya tafi shago ya ɗauko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki (AC), na taga, irin wanda ake kira harr barid, wato mai zafi da sanyi. Bayan wata guda ya kira ni.

"Kai ɗan nan, faturar kuɗin wuta ta zo kamar a tsakiyar bazara. Ba ku kuka ce abin nan ba ya shan wuta ba?"

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a duba gefensa, akwai ɗan allo mai rubutu. A karanto mini lambobin da ke layin zafi."

Ya sa jikansa ya karanto. Wat ɗin zafin da na'urar ke fitarwa da wat ɗin wutar da take sha kusan ɗaya ne. Nan na gane abin da aka sayar masa.

Sunan harr barid ɗaya ne a bakin mai shago, amma na'urori iri biyu ne a ƙarƙashinsa. Na farko yana da waya a ciki da ke yin ja in wuta ta bi ta, kamar ta dutsen guga ko ta hitar dafa ruwa, fanka na hura iska ta kanta. Wannan daffaya ce kawai, wato hitar ɗumama ɗaki, aka saka a akwatin mukayyif: ka ba shi wuta ɗaya, ya ba ka zafi ɗaya. Da yawa daga cikin na taga haka suke. Na biyu shi ne wanda za mu kira famfon zafi, domin ba ƙirƙirar zafi yake ba, jawo shi yake daga waje ya turo ɗaki, yadda famfo ke jawo ruwa daga rijiya. Taɓa bayan firijinka, za ka ji ɗumi. Zafin da ya kwaso daga cikin abinci ne yake zubarwa a can. Mukayyif ma da bazara aikinsa ke nan: ya kwashe zafin ɗaki ya watsar waje. A irin na biyun an ƙara wani bawul mai hanya huɗu da ke juya tafiyar iskar gas ɗin, sai aikin ya koma baibai, ya kwaso na waje ya shigo da shi. Ko iskar da kai kake jin ta da sanyi tana ɗauke da zafin da gas ɗin zai iya tsotsa, tunda shi ya fi ta sanyi nesa ba kusa ba. Shi ya sa da wuta ɗaya yakan ba ka zafi wajen ninki uku. A Norwe, inda sanyi ba wasa ba ne, kusan gida shida cikin goma da irin wannan suke ɗumama ɗaki. Mafi yawan sifilit, wato mukayyif mai gida biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, masu zafi da sanyi na kasuwar nan wannan tsarin ne.

To ina doka ta shigo?

Hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, SASO, tana da ƙa'ida mai lamba 2663 da ta shafi ƙananan mukayyif na gida, na taga da sifilit. Gundarinta abu biyu ne. Na ɗaya, akwai mafi ƙarancin ƙwazon da na'ura za ta kai kafin a ƙera ta, ko a shigo da ita, ko a sa ta a kasuwa. Na biyu, dole kowace ta zo da katin ingancin makamashi manne a jikinta, wanda Larabawa ke kira biɗaƙat kafa'at aɗ-ɗaƙa. Dalili a fili yake: fiye da rabin wutar da gidajen ƙasar nan ke sha, mukayyif ne ke shanye ta. Saboda haka aka kafa Cibiyar Ingancin Makamashi ta Saudiyya a 2010, daga 2013 kuma aka fara matsa ƙa'idar mataki-mataki. Ma'aunin da ake dubawa shi ne yawan sanyin da na'ura ke bayarwa a kan kowane wat na wuta. A da 7.5 ya isa a wuce. Zuwa 2018 sai da sifilit ya kai 11.8, na taga kuma 9.8. Gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 2021 ya kawo ma'aunin kaka guda, wanda ke duba aikin na'ura a yanayi daban-daban maimakon awo ɗaya, kuma a nan ne masu inbata suka yi fice. Inbatar mukayyif ba irin ta sola da muka sani a gida ba ce. Tsari ne da ke sa kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin, ya rage gudu ko ya ƙara gwargwadon buƙata, ba ya riƙa mutuwa yana tashi ba.

Wani abin da nake yaba wa ƙa'idar shi ne ana gwada na'ura a zafin waje na digiri 35, a sake gwada ta a 46. Wanda ya yi Agusta a Madina ya san dalilin awo na biyun.

Katin kansa a da taurari ne, yanzu haruffa ne da launi: alif a sama cikin kore shar, a gangaro har zuwa ja. Akwai ɗan murabba'in da ake haskawa da waya, manhajar SASO mai suna Ta'akkad za ta nuna maka ko katin na gaske ne, ko kuma lambar samfurin ta dace da abin da ke gabanka. Minti ɗaya ne, a yi shi tun a shago. In babu kati, ko bayanin ya saɓa, ana kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko ta manhajar Balagh Tijari. Nauyin dokar yana kan mai ƙerawa da mai shigowa da mai sayarwa. Ba a ce za a bi gida-gida ana cire tsohon mukayyif ba.

Sai dai ga inda Kawu ya faɗa. An gina ƙa'idar ne da tunanin bazara, harafin nan mai launi kuma labarin sanyayawa yake ba ka. Mukayyif na iya cika duk sharaɗin doka, katinsa na gaske, amma da hunturu ya zama daffaya zalla. Mai shagon bai karya doka ba, bai dai faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Don haka mai zama a arewa, ko a tsaunukan Abha da Baha da Ɗa'if, sai ya ƙara da nasa binciken. A allon gefen na'ura ko a takardar bayaninta, a nemi ƙarfin ɗumamawa da wutar da take sha wajen ɗumamawa. In an rubuta su duka da wat, raba na farko da na biyu. Ka samu ɗaya ko kusa da haka, waya ce. Ka samu uku ko kusa, famfon zafi ne. Wasu kamfanonin sukan rubuta amsar kai tsaye a gaban haruffan COP. Wannan lamba a iskar waje mai digiri 7 ake auna ta, don haka in gari ya sauka ƙasa da sifili za ta ragu, ɗumin ma ya ragu. Mutumin Turaif ko Ƙurayyat ya tambayi iyakar sanyin da na'urar ke iya aiki a ciki, yana rubuce a littafinta.

Bari mu buga lissafi da kuɗin wuta na gidaje, wanda aka sa tun Janairun 2018: halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya) kowane yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. A kai akwai harajin kashi 15 cikin 100. Ɗauki daffaya mai kilowat 2, tana aiki awa 8 kullum, kwana 30. Yunit 480 ke nan, kusan riyal 99 da haraji. Famfon zafi mai ninki uku zai ba da wannan ɗumin da yunit 160, wajen riyal 33. Ɗaki ɗaya fa ke nan. Gidan da ke da ɗaki huɗu da falon baƙi, sai ka ninka da kanka. Ban ma kawo zancen gawayi da daffayar kananzir a ɗaki rufe ba, waɗanda jami'an Difa'ul Madani, masu kashe gobara da ceto, ke gargaɗi a kansu duk hunturu saboda iskar da ke kashe mutum cikin barci ba tare da wari ba.

An yi shirin tallafi a baya, inda aka riƙa rage riyal 900 a kan kowane sifilit mai babban inganci. Na 'yan ƙasa ne. Hausawanmu masu jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ya shafe su, mai iƙama kuwa, wato takardar zama ta baƙo, da aljihunsa zai saya.

Saye daban, kafawa daban. Yawancinmu haya muke, kwangilar kuma tana kan Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya. Sifilit yana buƙatar huda bango da rataye injin waje, wannan kuwa canji ne a ginin mutum, sai da yardar mai gida. A karɓe ta a rubuce, ko da saƙon waya ne, a kuma yi magana tun farko: ranar tashi, na'urar taka ce za ka cire, ko za a bar ta a daidaita kuɗi? Na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan ramin bango guda. Sannan baladiyya, wato hukumar gari, na yaƙi da abin da take kira tashawwuh basari, wato duk abin da ke ɓata fuskar gari. Gine-ginen da ke kan manyan titunan kasuwanci ana neman su da takardar shaidar bin ƙa'ida ta dandalin Balady, injin sifilit da bututu da wayoyi a fuskar gini kuma suna cikin abin da ake kamawa. In mai gida ya ce a kai injin rufi ko bayan gida, ba tsirfa ba ce. Ka dai sani bututun tagulla zai ƙara tsawo, kuma da mita ake cajinsa.

Wajen kafawar, idonka ya kasance a kan abu uku da masu gaggawa ke tsallakewa. A ba na'urar layin wutarta da makashinta, kada a jona ta a soket ɗin da firiji ke kai. A zuƙe iska da laima daga bututu da injin zuƙa kafin a saki gas. Injin waje kuma a ɗaga shi daga ƙasa a yi masa hanyar ruwa, domin da hunturu shi ne ke zubar da ruwa, ba na ciki ba. Girma ma a daidaita da ɗaki: da wahda ko tan ake faɗin ƙarfin sanyayawar na'ura, wahda 18,000 ita ce tan ɗaya da rabi, 24,000 tan biyu, kuma babba fiye da kima ba alheri ba ne.

Mai gina nasa gida kuwa doka ta riga ta wajabta masa azl harari, wato shimfiɗar da ke hana zafi ratsa bango da rufi, Kundin Gini na Saudiyya ya kuma hau kan gidajen zama tun Yulin 2021. Tsofaffin gidajen da muke haya yawanci ba su da shi. A irinsu, toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da labule mai kauri na rage wa na'ura wahala sosai.

Garanti: kayan lantarki sababbi suna da shekara biyu a kan wakilin kamfani, a ajiye faturar saye. Shekarun da ake ƙarawa a kan kwamfiresa alkawarin kamfani ne, a karanta sharuɗɗansa, musamman batun wanda aka yarda ya kafa. Na haraj, wato kasuwar kayan hannu, ba shi da ko ɗaya, kuma tsofaffin da ke can da yawa gas ɗin R22 suke amfani da shi, wanda duniya ke janyewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Masu sayen mukayyif a Jidda su aika Kano ko Damagaram ko Khartum kuma su lura: ma'aunin bugun wuta ya bambanta, wutar Saudiyya hats (Hz) 60 ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. A duba allon, in ba a rubuta duka biyun ba, a bar shi.

Kawu dai ya mayar da na tagar ɗakin baƙi, aka kafa masa sifilit. Wata asuba cikin Janairu sai ga wayarsa.

"Ɗan nan, abin ya ƙone! Ya tsaya cak, ga hayaƙi na tashi a injin waje, ruwa na zuba."

Na ce, "Kawu, a shinshina, akwai ƙauri?"

Ya ce babu. Na ce to raɓa ce ta daskare a jikin injin, shi ne ya juya aikinsa na 'yan mintuna don ya narkar da ita, abin da ake gani tururi ne. Kada a kashe, kada a zuba masa ruwan zafi. Muna cikin magana na ji ya yi shiru, sannan ya ce wa jikan, "Rufe ƙofar nan, ɗumin ya dawo."