Yaron da Ya Fita Daban: Me Zaman Shawara Zai Yi Masa, Shi da Mahaifiyarsa?

Su wane ne ake magana a kansu?

A gidajenmu na Zariya kalma ɗaya muke jibga wa duk yaron da ya fita daban: galahanga. In ba ita ba, a ce ɗan ruwa ne, ko an yi masa sammu, ko kuma daƙiƙi ne kawai. Alhali ba abu ɗaya ba ne. Mai otizim, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, zai iya jinkirin magana, a kira sunansa bai waiwayo ba, ya toshe kunne idan an tayar da injin markaɗe. Mai ADHD, wato lalurar rashin tattara hankali da yawan motsi, ba ya iya zama wuri ɗaya, sai a yi ta dukansa a Islamiyya a kan ƙiriniya. Wani kuma yana da basira, amma haruffa ne ke rikice masa. Ƙwaƙwalwarsu tana aiki ne ta wata hanya daban, ba hauka ba ne.

Allurar rigakafi ce ke jawo otizim?

A'a. Rahoton da ya yaɗa wannan magana a Ingila a 1998 an janye shi a 2010, likitan da ya jagoranci rubuta shi ma an ƙwace lasisinsa. Gado ne ke da babban hannu a ciki.

Tunda ba warkewa ake yi ba, mene ne amfanin zama da masani?

Amfaninsa rage wahala. Yaron da ke birgima a ƙasa yana ihu a gidan biki, sau da yawa ba taurin kai ba ne: hayaniyar ce ta fi ƙarfinsa, kuma ba shi da bakin faɗa. Masanin halayyar ɗan adam zai zauna da iyaye su bi diddigin abin da ke faruwa kafin ihun. Yunwa ce, ƙara ce, ko an sauya masa abin da ya saba? Daga nan a tsara masa yini, a koya masa neman abu da hoto ko nuni, a yaba masa idan ya yi daidai. Aikin watanni ne, kuma galibinsa a tsakar gida ake yinsa, ba a ofis ba.

Idan ya girma, zaman ya koma nasa. Matashin da ya taso ana yi masa dariya a unguwa yakan faɗa cikin fargaba da ciwon damuwa, kuma waɗannan ana maganinsu.

Mahaifiyar fa?

Nan zuciyata ta fi tsayawa. Ita ake tuhuma: ta fita da magariba da tsohon ciki, ko daga danginsu ne. Ta daina zuwa suna da biki don kada a ga yaron. Ba ta barci, kishiya na habaici, maigida ya ce sangarta shi ta yi. Irin wannan mace tana buƙatar wanda zai ce mata, "Maman Abba, ke ya jikinki?" ya kuma saurari amsar. Maigida ya zo zaman ko sau ɗaya ne, ya ji daga bakin likita cewa ba laifinta ba ne. Yayye da ƙanne ma a yi musu bayani, don su ma suna jin gorin.

A bar addu'a ke nan?

Ko kaɗan. A yi addu'a, a je asibiti. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ɗaurin mari da bulala. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari da ke Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaure da sarƙa, har da yara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo ne don kare mutuncin irinsu.

Ina za a fara?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen yara da na likitocin ƙwaƙwalwa; a Kaduna kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Idan jinkirin magana ne, a fara gwada jin yaron. A tafi da katin asibitinsa, da ɗan bidiyon da aka ɗauka a waya lokacin da abin ya motsa, don a gaban likita yaro kan yi tsit.